Sabis a cike, WhatsApp na tafiya, amma shafuka sun ƙi buɗewa: yadda za ka gano inda matsalar take

Ƙungiyoyin manoma da dama a Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure yanzu suna da 'yar na'urar intanet a ofis ko a gidan sakatare. Wasu mifi ce mai shiga aljihu, wasu kuma rawuta ce da ake sa mata layi a jona ta da wuta. Da ita ake cike fom ɗin rajistar manoma, a duba hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, a biya kuɗi ta banki, a tura wa malamin gona hoton ganyen da tsutsa ta ci.

Akwai wata matsala da ta fi ɗaukewar sabis gaba ɗaya ban haushi. Fitilun na'ura duk a kunne, sandunan sabis a cike, saƙon WhatsApp na shiga yana fita, wataƙila ma Facebook na buɗewa, amma shafin da ka zauna dominsa ya ƙi. Sai ya yi ta juyawa, daga ƙarshe ya kawo maka farin allo da wani rubutun Turanci. Idan hakan ta faru ana saura kwana biyu a rufe rajistar takin tallafi, ga mambobi sun baro ƙauyukansu suna zaune a kan benci da katin NIN a hannu, abin ya wuce wasa. A irin wannan rana ake fara yi wa sakatare kallon wanda ya cinye kuɗin data.

Abin da aka saba yi shi ne a ƙara sayen data, ko a danna maɓallin da ke goge saitin na'ura, ko a yanke hukuncin cewa na'urar ta mutu a sayo wata. Dukkansu ukun kan jawo asara ba tare da an taɓa ainihin matsalar ba. Ka tuna da aikin ban-ruwa. Idan ruwa ya isa fangalin farko bai isa sauran ba, ba wanda zai ce rijiya ta ƙafe ko injin ya lalace; hanyar ruwan za a bi a ga inda ta toshe. Haka nan. Tunda wani abu yana buɗewa, to hanya ba ta mutu ba, kuma abin da ke buɗewa ɗin shi ne zai nuna maka inda za ka duba.

Fara da raba laifi

Kafin ka taɓa kowane saiti, yi wannan gwajin, ba zai ci maka minti biyar ba. Ɗauki wata wayar, ka haɗa ta da wayifai ɗin na'urar, ka buɗe shafin da ya ƙi. Idan ya buɗe a wannan wayar, na'urar intanet ba ta da laifi, layi ma ba shi da laifi. Matsalar tana cikin waya ko kwamfutar farko. Idan bai buɗe ba a nan ma, kashe wayifai a wayar, ka kunna datar layin da ke cikinta, ka sake gwadawa. Ya buɗe? To laifin na na'urar ne ko na layin da ke cikinta. Idan kuwa ko ta ina shafin nan ɗaya ne kawai yake ƙi, sauran duk suna buɗewa, shafin ne ke da matsala daga can wajen masu shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga shafukan rajista a kwanakin ƙarshe, lokacin da kowa ya yi caa a kansu. Babu abin da za ka gyara daga Daura. Sai dai ka gwada bayan sallar asuba ko da tsakar dare, lokacin da cunkoso ya ragu.

Sannan ka kashe na'urar, ka cire ta daga wuta ko ka cire batirin idan mai fita ne, ka ba ta kamar minti ɗaya, ka kunna. Kashewa da kunnawa daban, danna ɗan ramin nan da ake sa wa allura daban. Na biyun yana mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani: sunan wayifai da kalmar sirrin da kuka sa duk su tafi, wani lokacin har da saitin da ke haɗa ta da kamfanin layi. Bar shi a matsayin matakin ƙarshe.

Kuma kar ka rufe farin allon nan da sauri. Ko ba ka jin Turanci sosai, duba ƙasan rubutun, akwai 'yan kalmomi da manyan baƙaƙe. Idan ka ga DATE ko CERT, zancen agogo ne ko tsufan na'ura. Idan ka ga DNS, zancen neman adireshi ne. Idan ka ga TIMED_OUT, shafin ya gaji da jira ne, wato hanya ta yi cunkoso ko an rage maka gudu. Ɗauki hotonsa ka ajiye, zai yi maka amfani ko da wurin mai gyara za ka.

Wace irin data aka saya?

A nan mafi yawan matsalar take, kuma a nan aka fi jinkirin dubawa, domin kowa na cewa ai jiya-jiya aka sa data. Tambayar ita ce wace iri. Kamfanonin layi suna sayar da data mai araha wadda aka keɓe wa manhajojin zumunta kawai, irin su WhatsApp, Facebook, Instagram ko TikTok. Akwai ta YouTube zalla. Akwai ta dare, wadda ba ta aiki sai an yi nisa cikin dare zuwa wajen asuba. Akwai kuma kyautar da ake liƙa wa babbar data, wadda ita ma sau da yawa tana da sharaɗin inda za a kashe ta. Idan babbar datar ta ƙare ko wa'adinta ya cika, aka bar ka da waɗannan, za ka ga daidai abin da muke magana a kai: WhatsApp lafiya lau, shafin banki ko na rajista shiru. Shafin kamfanin layin kansa ma yakan buɗe ko babu data, don ka samu damar sayen wata, sai mutum ya ɗauka intanet na nan.

Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya, ko MTN ne, ko Airtel, ko Glo. Ana danna *323# don ganin ragowar data, *312# don saye, *310# don ganin ragowar kuɗin kira. Idan layin yana cikin na'ura, ko dai ka shiga shafin na'urar ka karanta saƙonnin da suka shigo mata, ko ka kashe ta ka ciro layin ka sa a waya. Karanta amsar har ƙarshe, layi-layi. Kar ka tsaya a jimillar farko. Kana iya ganin gigabait uku, amma biyu da rabi na dare ne, sauran kuma na zumunta.

Sai kuma datar da ake tallatawa da cewa ba ta da iyaka. Kusan kullum akwai sharaɗi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: idan ka kai wani adadi, za a rage maka gudu har zuwa ƙarshen wata. Ba a yanke ka ba, an dai matse bututun ne. Saƙon rubutu ba shi da nauyi, zai wuce. Shafi mai hotuna da fom da wurin ɗora takardu kuwa zai tsaya a hanya har ya gaji. Alamar wannan ita ce komai na buɗewa da ƙyar, hoto a WhatsApp ma sai ya daɗe yana juyawa, kuma abin ya fara ne a rabin wata ko kusa da ƙarshensa.

Daga nan tambaya ta gaba ita ce wa ya shanye datar. A ofishin ƙungiya kalmar sirrin wayifai ba ta kwana biyu ba ta zaga unguwa ba. An ba ɗan shugaba, shi ya ba abokinsa, abokin ya ba mai shagon caji na kusa. Kowace waya da ta hau, tana ɗauka wayifai kyauta ne, sai ta shiga sabunta manhajojinta da sauke bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp. Kwamfuta mai Windows ta fi su duka ci, domin tana iya sauke gigabait da yawa na sabuntawa ba tare da ta tambayi kowa ba, sai fa idan an shiga saitin wayifai an nuna mata cewa datar a ƙidaye take. Juya na'urar ka duba takardar da ke liƙe a ƙasanta ko a ƙarƙashin batir. Za ka ga adireshin shiga, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, da sunan shiga da kalmar sirri. Rubuta adireshin a burawuza. Wannan shafin ba ya bukatar data, domin a cikin na'urar yake. A ciki akwai jerin duk wayoyin da ke haɗe. Idan ku uku ne a ofis ka ga goma sha ɗaya, ka samu amsarka. Canza kalmar sirri, kuma shawarata ita ce a mayar da canza ta al'ada duk lokacin da aka sa sabuwar data, a rubuta a littafin ƙungiya ranar da aka saya, nawa aka saya, da ranar ƙarewa. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ƙungiyar da ke tara gudummawa da ɗari biyar-biyar.

Wani abu da ya shafi layi: na'urori da yawa an saye su ne da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, wataƙila tsohon sakatare ko yaron shagon da ya sayar. An rufe layuka masu yawa a 2024 saboda rashin haɗa su da NIN. Danna *996# ka ga matsayin naku. Ko yana aiki yau, ku san sunan wa ke kai, domin ranar da layin ya lalace ko ya ɓata, mai sunan kaɗai kamfani zai saurara.

Agogon da ya koma baya

Wannan ita ce wadda mutane ba sa yarda da ita sai sun gani. Yawancin shafukan intanet na yanzu, musamman na banki da na gwamnati, suna da wata takardar shaida ta tsaro da ke da ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar lasisin tuƙi. Duk lokacin da ka buɗe shafi, burawuza tana duba wannan shaida ta gwada da kwanan watan da ke cikin na'urarka. Idan kwamfutarka tana ganin yau 2015 ce, a wurinta shaidar ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi buɗe shafin, ta ce haɗin ba shi da aminci. Shafi bayan shafi haka.

Me ke mayar da agogo baya? A tsofaffin kwamfutoci, irin na hannu da ake sayowa a Kano, akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo a ciki wanda aikinsa riƙe lokaci idan an kashe. Yawanci lambarsa CR2032. Idan ya mutu, duk sanda wuta ta ɗauke kuma babban batir ba ya riƙe caji, sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Wayoyi ma kan yi haka idan an cire batir ko sun daɗe a mace. Duba kwanan wata, da shekara, da lokaci. Mutane kan duba awa su manta da shekara. Gyara shi da hannu, sannan ka kunna saitin da ke sa na'ura ta ɗauki lokaci da kanta. Idan gobe ya sake komawa baya, kai wa mai gyara ya canza ɗan batirin. Kuɗinsa bai kai na mudun gero ba.

Idan agogo daidai yake amma har yanzu ana kawo maka zancen shaida, to tsufa ne. Kowace waya da kwamfuta tana ɗauke da jerin hukumomin da ta yarda da sa hannunsu, kuma jerin nan yana tsufa idan ba a sabunta shi. Wata babbar shaida da miliyoyin shafuka suka dogara da ita ta ƙare a ranar 30 ga Satumban 2021, tsofaffin na'urori da yawa a duniya suka wayi gari shafuka sun daina buɗe musu. Wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba an yi musu wata dabara da ta ja su zuwa 2024, ita ma ta ƙare. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, burawuzar Chrome kuma ta tsaya a lamba 109 a kansa. Idan irin wannan na'urar ce a hannunka, gwada burawuzar Firefox, domin ita tana tafe da nata jerin shaidun, ba ta dogara da na waya ba. Za ta iya fitar da kai kunya a ranar. Amma maganar gaskiya, kwamfutar da ta kai wannan shekaru bai kamata a riƙa shiga asusun bankin ƙungiya da ita ba. Kuma idan allo ya gargaɗe ka cewa shafin banki ba shi da aminci, kar ka danna wurin da ke cewa ka ci gaba duk da haka.

Mai nuna hanya ya ɓata

Kowane shafi yana da suna da mutane ke rubutawa, yana kuma da lamba da na'urori ke amfani da ita. Akwai wata hidima da ake kira DNS wadda aikinta shi ne ka ba ta suna ta ba ka lamba. Kamar ɗan kamasho ne a tasha: ka ce masa Kazaure za ka, ya nuna maka motar. Idan ba ya nan, motoci na nan, hanya na nan, amma kai ba ka san wacce za ka shiga ba. Manhajoji irin su WhatsApp sukan riƙe hanyar gidansu, shi ya sa suke ci gaba da aiki a lokacin da burawuza ta rikice.

A ƙa'ida kamfanin layinka ne ke ba ka wannan hidima ba tare da ka sani ba. Wani lokaci tasu kan samu tangarɗa, wani lokaci kuma wani ne ya taɓa saitin. A wayoyin Android daga 9 zuwa sama akwai wuri a saitin sadarwa mai suna Private DNS. Matasa kan rubuta wani adireshi a wurin don toshe tallace-tallace, idan adireshin ya daina aiki sai wayar ta kasa buɗe komai alhali tana nuna tana haɗe. Shiga ka duba. Idan ka ga wani rubutu da ba ka san shi ba, mayar da shi kan Automatic ko ka kashe. Idan kuma ba kowa ya taɓa ba, kuma allo na ta nuna maka DNS, rubuta dns.google a wurin ka gwada. A kwamfuta ko a shafin na'urar intanet lambobi ake sawa: 8.8.8.8 na Google ne, 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare ne. Dukkansu kyauta ne, kuma idan ba su yi amfani ba kana iya mayar da saitin yadda yake.

Duba kuma ko akwai ɗan hoton makulli a saman allon waya, kusa da sandunan sabis. Alamar VPN ce. Jama'a da yawa sun sauke irin waɗannan manhajoji a lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu kuma don neman abin da ake kira intanet kyauta. VPN tana ɗaukar duk zirga-zirgarka ta bi da ita ta wata ƙasa. Idan na'urarsu ta can ta mutu ko ta cika, kai ma ka tsaya. Ko tana aiki ma, wasu bankuna da shafuka kan ƙi mutumin da suka ga kamar daga Jamus ko Amurka yake shigowa. Kashe ta, in ma ba ka san amfaninta ba ka cire ta gaba ɗaya. Haka idan a saitin wayifai ko na layi ka ga an cike gurbin da aka rubuta Proxy da wasu lambobi, share su.

Ga wata alama mai amfani: idan Opera Mini na buɗe shafi amma Chrome ta ƙi, kar ka ce an warke. Opera Mini tana bi ne ta na'urorin kamfaninta, su buɗe shafin su matse shi su turo maka, don haka takan tsallake matsalar agogo, ta DNS, da ta ƙarancin gudu. Ta isa karanta labarin farashin hatsi. Fom mai bukatar ɗora hoto ko biyan kuɗi kuwa sau da yawa ba ya tafiya daidai a cikinta.

Idan an canza wa na'ura layi

Ana yawan buɗe mifi ta wani kamfani a sa mata layin wani, saboda a ƙauye kaza wannan ne ke kamawa. Ba laifi, amma kowane kamfani yana da sunan ƙofar da ake shiga intanet ɗinsa, wato APN. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo kuma gloflat. Idan na'ura ta riƙe na tsohon layi, za ta nuna sabis amma intanet ya ƙi, ko ya yi rabi-rabi. A shafin na'urar za ka ga wurin. Kafin ka canza komai, ɗauki hoton yadda ka same shi, kuma ka riƙa canza abu ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na biyu. Wanda ya canza biyar a lokaci guda, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba, in ya ƙara lalacewa bai san me zai mayar ba.

A wannan wurin akwai zaɓi tsakanin IPv4 da IPv6, tsohon tsarin lambobin intanet da sabo. Manyan shafuka irin su Google, YouTube da Facebook suna amsa duka biyun, ƙananan shafuka da yawa kuwa tsohon kaɗai suka sani. Idan an bar na'ura a kan IPv6 zalla, kana iya ganin manyan na buɗewa sauran sun ƙi. Zaɓi wanda ya haɗa biyun, ko IPv4. Akwai kuma wata lamba mai suna MTU, girman ƙunshin da na'ura ke aikawa a lokaci guda, yawanci 1500. Idan ya fi ƙarfin hanyar, ƙananan saƙonni su wuce, manyan shafuka su maƙale a rabi. Rage shi zuwa 1400 kan warware wannan. Ba kasafai ake kaiwa nan ba, kuma idan hannunka bai saba ba, nemi wani ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura ko mai shagon kwamfuta ya yi maka a gabanka.

Zafi, wuta da bakin iyaka

Sandunan sabis ba sa faɗin gaskiya duka. Duba harafin da ke kusa da su. Idan 4G ne ko LTE, da kyau. H ko H+ zai yi aiki a hankali. Idan E ne, saƙon rubutu ne kawai zai wuce, ko da sanduna sun cika fal. Ɗakin da ke da kaurin bango da rufin kwano yana danne sigina. Matsar da na'urar bakin taga ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake, ka ɗaga ta sama, sau da yawa E kan koma 4G. A ranar kasuwa kuma, kamar Lahadi a Mai'adua, dubban wayoyi ne ke hawa ƙarfe ɗaya. Sigina na nan, wuri ne babu. Kar ka sa aikin rajista a irin wannan rana idan kana kusa da kasuwa.

Yawancin waɗannan na'urori an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a bazara, daga Maris zuwa Mayu, mukan wuce haka a inuwa ma, balle a ƙarƙashin kwano. Na'urar da ta yi zafi takan rage gudu ko ta riƙa yankewa. Idan da safe lafiya, da azahar sai ta fara, taɓa ta ka ji. Kar a ajiye ta a rana a bakin taga, kar a rufe ta da tsumma don ƙurar hunturu, a dai riƙa goge ramukan iskarta. Mifi da ake bari a caji dare da rana batirinta kan kumbura. Idan murfin baya ya fara ɗagowa, daina amfani da ita sai an canza batir. Ita kuma rawuta, idan wutar KEDCO ta zo da rauni ko batirin sola ya yi ƙasa, fitilunta za su kama amma ƙarfin riƙe sabis ya gaza. Haka idan cajarta ta asali ta ƙone aka sa mata wata da bakinta ya shiga amma ƙarfinta bai kai ba. Lambar da ake bukata tana rubuce a ƙasan na'urar, yawanci 12V. A sayi mai irin lambar.

Mutanen bakin iyaka, irin su Kwangwalam, Babban Mutum da ƙauyukan Zango da ke kallon Nijar, suna da tasu matsalar daban. Waya ko na'ura kan saki ƙarfen Najeriya ta kama na maƙwabta, Airtel ta Nijar, ko Moov, ko Zamani. Datar da ka saya a gida ba ta aiki a can. Ko dai intanet ya tsaya, ko kuma, idan an bar saitin yawo a kunne, a riƙa cirar kuɗin kiranka da tsada. Duba sunan kamfanin da ke saman allo, ko harafin R kusa da sanduna. Maganinsa shi ne ka shiga saitin zaɓen kamfani, ka cire shi daga zaɓi da kansa, ka zaɓi naka da hannu.

Lokacin da laifin ba naka ba ne

A ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Kodibuwa. Ƙasashe da dama suka shiga wahala, a Najeriya ma manhajojin bankuna da shafuka masu yawa suka tsaya, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Duk da haka wasu abubuwan sun ci gaba da buɗewa, domin manyan kamfanoni irin su Google da Facebook suna ajiye kwafin kayansu a na'urori a cikin ƙasar nan, ba sai an tsallaka teku ba. Mutumin da ke Sandamu a ranar zai iya kwana yana canza saiti a banza. Irin haka na faruwa a ƙaramin mataki duk lokacin da masu aikin hanya ko masu haƙa suka tsinke wayar da ke binne a gefen titi, ko man injin ƙarfen sabis ya ƙare.

Hanyar ganewa ita ce tambaya. Kira mutum biyu ko uku masu layi irin naka, ɗaya a garinku, ɗaya a Katsina ko Kano. Tambayi mai POS na kusa, domin su ne ke fara sanin sabis ya lalace. Idan kowa na kuka, ajiye na'urarka yadda take. Shi ya sa yake da kyau ƙungiya ta mallaki layi na biyu na wani kamfani daban, ko da ƙaramar data ce a kai, a wayar ma'aji ko ta shugaba, wadda za a iya kunna rabon intanet daga gare ta a gama aikin ranar. Tura kuɗi kuma ba lallai sai da intanet ba, lambobin banki da ake dannawa da alamar tauraro suna aiki ko a ƙaramar waya.

Idan ka bi duk wannan, ga data mai kyau, agogo daidai, maƙwabta nasu na aiki, naku ya ƙi, kira 300 daga layin, lambar kula da masu hulɗa ce a duk kamfanonin. Faɗa musu lambar layin, irin datar da ke kai, abin da ke buɗewa da wanda ba ya buɗewa, da kalmomin da ka ɗauki hotonsu. Ka nemi lambar ƙorafi ka rubuta a littafin ƙungiya tare da kwanan wata. Idan kwanaki suka wuce ba a yi komai ba, kira 622, layin NCC ne na kyauta, kuma lambar ƙorafin nan ita za su fara tambayarka.